Ruth Simmons, shugabar da ta sa jami'arta ta tono tarihinta

A 2001 Ruth Simmons ta zama shugabar Jami'ar Brown. Brown ɗaya ce daga cikin manyan jami'o'in Amurka takwas da ake kira Ivy League, ajin su Harvard da Yale, kuma kafin ita babu wani baƙar fata, mace ko namiji, da ya taɓa shugabantar ko ɗaya a cikinsu.

Ita ce auta a cikin 'ya'ya 12. An haife ta a 1945 a garin Grapeland na jihar Texas, lokacin da makarantar baƙaƙe daban take da ta farare. Mahaifinta auduga yake nomawa a gonar wani, in kaka ta yi su raba amfanin da mai gona. Daga nan ta kai Jami'ar Dillard, ta kuma kammala digirin digirgir a Harvard a 1973, inda ta nazarci adabin Faransanci. A 1995 ta zama shugabar Kwalejin Smith ta mata zalla, ta buɗe musu sashen injiniya.

Amma abin da ya fi fito da ita, a 2003 ta yi shi. Ta kafa kwamiti ya binciko alaƙar Brown da cinikin bayi. Ku duba fa, 'yar zuriyar bayi ce ke cewa jami'ar da take shugabanta ta buɗe tsofaffin takardunta kowa ya gani. Shugabanni da yawa da sun bar kaza cikin gashinta.

Rahoton ya fito a 2006, bai kuma ɓoye komai ba. A 1764, shekarar da aka kafa makarantar, 'yan gidan Brown, 'yan kasuwar da jami'ar ta samo sunanta daga gidansu, sun tura wani jirgin ruwa mai suna Sally zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Mutum 196 aka loda masa, 109 suka mutu, wasu da cuta, wasu a tawayen da suka yi a cikin jirgin. Har ginin farko na jami'ar akwai gumin bayi a jikinsa.

Daga baya jami'o'in Georgetown da Harvard suka bi sahu, suka binciki nasu tarihin. Ita kuwa bayan ta sauka a 2012, ta koma Texas, daga 2017 kuma ta riƙe Prairie View A&M, jami'ar da aka kafa domin baƙaƙen fata, har zuwa 2023.