Mushe a ƙauye: laccar wani tsohon malamin sakandare

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku na zo da su a kan halin da malamin makaranta yake ciki a ƙasashe mafi talauci, in lokaci ya bari.

Na farko, su wane ne ƙasashe mafi talauci? Ba zagi ba ne, jeri ne da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe tun 1971, a 2025 ƙasashe 44 ne a ciki, galibinsu a Afirka. Nijar na ciki, Chadi na ciki, Mali da Sudan da Burkina Faso duk suna ciki. Najeriya ba ta ciki, amma 'yan uwa na Daura kada ku yi murmushi, wanda ya ga makarantar ƙauye a can ya ga tamu. (Dariya.) Hukumar UNESCO ta ce a rahotonta na 2024 duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Kuma a ƙasashen namu, in ka shiga kwalej ko lise, wato makarantun sakandare, mai alli a hannu galibi namiji ne. A firamare za ka ga mata da dama, musamman a birni. Da ka hau sakandare sai su yi ta raguwa, da ka fita ƙauye sai ka neme su ka rasa.

To shi wannan namijin, wane ne shi? Nan nake so mu zauna.

Mu da muka tashi, in aka ce mushe, wato malamin makarantar boko, ya shigo gari, tabarma ake shimfiɗawa. Shi ke karanta wa maigari takardar gwamnati, shi ke rubuta wa tsohuwa wasiƙa zuwa ga ɗanta da ke Kumasi. Ku duba manyan 'yan siyasar lokacin da aka karɓi mulki a hannun Turawa. Diori Hamani malamin makaranta ne. Boubou Hama malami ne. Ƙetare iyaka, Tafawa Ɓalewa malami, Sardauna malami, Aminu Kano malami, Shehu Shagari malami. Jami'armu ta Yamai ma sunan malamin kimiyya take ɗauke da shi, Abdou Moumouni. Alli ne ya haifi siyasar ƙasashen nan, alli!

Sai me ya faru? Sai kuɗi ya ƙare wa gwamnatoci, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da IMF, asusun ba da lamuni na duniya. A Janairun 1994 aka kwana aka tashi, sefa ta zubar da rabin darajarta. Ni ina aji a lokacin. Albashin bai canza ba a takarda, amma a kasuwa ya zama rabin mutum. Ga bashin albashi wata da watanni. Yara kuma ba su daina zuwa ba, ƙaruwa ma suke yi. Sai aka ce to, a ɗauko matasa masu takardar shaida, a ba su aji ba tare da an ɗauke su aikin gwamnati ba. A Nijar an fara da 'yan sa-kai a 1998, daga baya suka zama 'yan kwantaragi. Senegal ta riga mu, Mali ma ta yi, Chadi kuwa iyayen yara ne ke haɗa kuɗi su biya malamin da kansu.

Ɗan kwantaragi, jama'a. Wanda bai yi ba bai sani ba. Abin da ake ba shi ma ba a kiransa albashi, wani suna ake ba shi na Faransanci, wato ɗan abin sa wa a aljihu. Saurayi ne, ya gama jami'a, ya karanta tarihi, an tura shi wani ƙauye, ya isa ya tarar babu malamin lissafi. Darakta ya ce mushe, ka taimaka. Ya zama malamin lissafi. (Dariya.) Kuna dariya, ni na koyar da turancin Ingila shekara guda, alhali abin da na sani a ciki bai wuce gaisuwa ba. Allah ya yafe mana, yaran nan kuma Allah ya ba su haƙuri.

Ajinsa na zana ne, ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya tashe shi. Kun ga shekarar karatu ta guntule kai da ƙafa. Ɗakin kwanansa aron maigari ne. Ƙarshen wata ya hau mota zuwa birni karɓar kuɗinsa, a ce ba su zo ba, ya kwana biyu gidan aboki, ya ci bashi ya koma. Kwanakin nan duka aji na zaune babu kowa. Sai a ce malamai ba sa zuwa aiki. Ina zai zo? Yana layi! Mai kanti ya san shi, mai shayi ya san shi, littafin bashi ya fi littafin darasi cika. Ya je neman aure a ce ɗan kwantaragi ne, a bari tukuna. Wallahi na ga wanda da yamma yake kabu-kabu, ɗalibinsa ya tare shi ya hau, ya sauka ya miƙa masa dala ashirin. Gobe da safe kuma ya ce wa yaron nan tashi tsaye. Da wane ido? Shi ya sa da ya ji an buɗe gasar shiga kwastan ko jandarma, sai dai a ga ƙurarsa. Ba a ƙi koyarwa ba, an ƙi yunwa.

Na biyu... a'a, na uku ne ko? Shugaban zama yana nuna mini agogo. Horo: a bar tura mutum aji bai taɓa koyon yadda ake koyarwa ba. Shi ke nan, na taƙaita. Hajiya, ga hannunki a sama.

(Wata mata ta tambaya: Malam, ka yi ta tausaya wa maza. Mu iyaye kuma da muke tsoron tura 'ya'ya mata wurin saurayin da ba shi da mata?)

Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo, kuma ba zan kare kowa ba. Akwai malaman da suka ci amana, na san an yi, an kuma rufe da sauya wa mutum makaranta, wanda bai kamata ba. Kora ce hakkinsa, da kotu. Amma ki duba yadda igiyar ta ƙulle. Uba ya ga babu mace ko ɗaya a makarantar, ya cire 'yarsa tana aji biyu na kwalej ya yi mata aure. Yarinyar da aka cire ita ce da za ta zama malama bayan shekara goma. Ba ta zama ba, makarantar ta sake cika da maza, wani uban ya sake cire tasa. Malamar da muke da ita kuma mijinta na Maraɗi, ba za ta zauna ƙauye ba gida ba rijiya ba. Shi ya sa na ga hikimar makarantun kwana na 'yan mata irin wadda aka buɗe a Kelle, cikin jihar Damagaram. Ni dai da za a ba ni zaɓi, kafin a gina sabon aji a gina wa malama ɗaki biyu da katanga. Naki 'yan matan aji nawa suke, Hajiya? A ba ta abin magana, ban ji ba.