Tsakanin kofin farko da na biyu

(An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa iyaye da matasa a harabar wata makaranta a Aboabo, Kumasi, bayan sallar La'asar.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Sarakunanmu, ranku ya daɗe. Iyaye mata da ke can baya, sannunku da haƙurin rana. Samari kuma, na ga wasunku tun ban buɗe baki ba sun sunkuyar da kai a kan waya. Ba komai, dama zancenta ne ya tara mu.

Da aka ce in zo in yi magana kan yadda muke cin lokacin hutunmu, na san abin da wasu ke jira. Suna jiran in zagi bes, wato majalisar hirarmu ta shan shayi, in zagi ƙwallo, in zagi fim, dattawa su gyaɗa kai, yara su fice ta ƙofar baya. To ba zan yi ba. Ni kaina ɗan bes ne. Gashin kaina ya yi fari a kan benci ɗaya a Asawase, kuma ranar da Kotoko ke wasa, ko iyalina sun san ba a aike na.

Addini ma bai hana mu shan iska ba. Malamai na nan zaune, in na kauce su gyara mini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Ya tsaya ta kalli Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Da Hanzala ya zo yana kuka da kansa cewa in ya koma cikin iyali yakan shagala, amsar da ya samu ita ce: sa'a da sa'a, wato lokacin ibada da lokacin iyali. Amma kuma shi ne ya ce ni'imomi biyu mutane da yawa suna tafka hasara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci.

Ku duba sunan unguwarmu. Mene ne zango? Wurin da ayari ke sauke kaya ya huta. Kakanninmu fatake sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da fata da tufafi, suka nufi Salaga neman goro, tafiyar watanni. In rana ta yi sanyi sai a ya da zango. To me ake yi a wurin? A nan ake jin farashin goro a gaba, a ji wace hanya ce ke da 'yan fashi, a tsinci Dagbanci da Tonanci, yaren Ashanti, a bakin abokan ciniki, malamin ayari ya buɗe jakarsa ya biya wa yara karatu, wani ya yi tatsuniya, wani ya haƙa ramukan dara a ƙasa. Hutun nasu shi ne makarantarsu. Ba su raba biyun ba, mu ne muka zo muka raba.

Irin wannan zama ne ya haifi Alhaji Umaru Karachi. A Kano aka haife shi, ya biyo hanyar fatauci har Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Karachi, a can ya rasu a 1934. Ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, a kan talauci, a kan zuwan Turawa, a kan abin da idonsa ya gani. A shekarun 1960 jami'ar Legon ta bi gidajen malamai tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, suna can a ajiye. Wa ya taɓa jin sunansa a nan? Ɗaga hannu in gani. Huɗu. Biyar, har da liman. (Dariya.)

To bari in sauko kan ƙwallo, tunda a nan kuka fi ƙarfi. Filin da muke shiga mu yi ihu, sunan wa yake ɗauke da shi? Baba Yara. Ɗan garin nan ne, an haife shi a 1936, ana masa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Hatsarin mota a 1963 ya kwantar da shi yana tsakiyar ganiyarsa, ya rasu a 1969. Na tambayi wani ɗana wannan, yaron da zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci da kuɗin da aka sayo kowannensu, bai sani ba. Ban ga laifinsa ba. Kan da ya riƙe sunaye talatin na mutanen Ingila ba mataccen kai ba ne. Abin da aka zuba masa ne ya riƙe.

Wannan shi ne bakin zaren maganata. Nishaɗi iri biyu ne. Akwai wanda kake sa hannu a ciki, akwai wanda ake ɗura maka. Ku je ku tsaya kan dattawan da ke buga diraf a gindin bishiya. Gida ɗari ne a allon, kowa da 'ya'ya ashirin. Tsoho zai ɗora yatsa a kan ɗa, ya ɗauke, ya yi shiru, ya miƙa maka guda ɗaya kyauta kana murna, ashe uku zai kwashe. Wannan mutumin yana hango taku huɗu a gaba, ga ba'a, ga dariya, ga buga allo da ƙarfi har 'ya'yan su yi tsalle. Haka darar kakanninmu mai rami talatin, haka oware na maƙwabtanmu Tonawa da ƙwayoyinsa 48. Ka tashi ka huta, kuma kanka ya yi aiki.

Waya fa? Ba na cewa shaiɗan ce, da ita nake jin tafsiri, da ita nake ganin jikokina da ke Jamus. Amma ku san yadda aka gina TikTok da Facebook. Manhajar tana lura da inda yatsanka ya tsaya, da daƙiƙa nawa ka yi a kan kowane bidiyo, sai ta ƙaro maka irinsa. Kuma ba ta da ƙarshe. Wasan ƙwallo minti 90 ne, alƙali ya hura usur kowa ya kama gabansa. Littafi yana da bangon baya. Ita kuwa an cire mata ƙasan tukunya da gangan, don tallan da ake nuna maka shi ne cinikinsu, zamanka shi ne hajar. Ni da nake muku wannan surutu, wani dare na ce bari in duba saƙo ɗaya bayan Isha'i. Ban farga ba sai da na ji mai koko tana hura wuta. Aka tashi da safe na tambayi kaina me na gani, wallahi ban da wani akuya da ya tunkuyi mai babur ban tuna komai ba.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi tun ranar: in na tashi daga abu, me zan iya ba wani labari?

Sai caca, wadda yanzu ta shigo aljihun kowa ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Hukuncinta a addini sananne ne, na bar wa malamai. Ni lissafi zan yi. Yaro ya haɗa wasa goma a takarda ɗaya. Mu ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne, ko ya faɗa daidai ko ya kuskure. Damar ya ci duka goman ita ce ɗaya cikin 1,024, kuma tun kafin nan kamfani ya riga ya yanke rabonsa a cikin farashin. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, aka yi ta kururuwa, aka soke shi a 2025, aka yi ta murna. Murnar me? Dara ce ta ci gida tun farko. Abin da ya fi ba ni haushi, yaron da ke ninka waɗannan lambobi da ka a tsaye, shi ne ke ce mini lissafi ba ya shiga kansa a aji.

Iyaye mata, ban manta da ku ba, kuma ba zan yi muku faɗa ba. Matar da ta tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora shinkafa da wake, ta wuni a tsaye a bakin titi ko a kasuwar Kejetia, in ta zauna da dare gaban fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Tonanci, haƙƙinta ne. Ƙarfin fim ɗin nan kuwa kun gan shi, har keke mai ƙafa uku da muke hawa sunan jarumar wani shiri ya ci, Pragya. Roƙona ɗaya ne, kuma ga maza yake: ranar Asabar ko Lahadi da take son zuwa makarantar manya, ka riƙe yaran awa biyu. Bes ba zai gudu ba.

Yanzu abin da na zo da shi. Ba ƙaramin lokaci ataya, shayin nan namu na bes, ke ci ba. A hura gawayi a kurfoti, a jira buta ta tafasa, a yi ta ɗaga hannu ana zubawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, a sha na farko mai ɗaci, sannan a mai da buta a ƙara sukari da na'ana'a. Tsakanin kofin farko da na biyu akwai kamar minti ashirin zuwa talatin da ba a yin komai sai musun da aka yi jiya. Wannan gurbin nake roƙo. Mutum ɗaya ya zo da abu ɗaya: shafi biyu na littafi, ko rahoton da ya ji a BBC Hausa, ko wata doka da majalisa ke muhawara a kanta, ko makaniki ya bayyana mana yadda injin ke shan mai. Ya faɗa, a yi masa tambayoyi, a ƙaryata shi in ya yi ƙarya. Musu dai muka iya, sai mu ba shi abinci mai kyau. Rabin awa kullum, a shekara ya haura awa 180. Wanda ya fi son karatu shi kaɗai, akwai ɗakin karatu na Ashanti a cikin Cibiyar Al'adu, kuɗin mota ɗaya ne daga nan.

Wani zai ce za a yi masa dariya, a ce ya zama farfesa. Za a yi. Mu ma da muka fara an yi mana, sati uku ana kirana Shehun Malami. A na huɗu wanda ya fi kowa tsokana shi ya zo da tambaya a kan dalilin da ya sa sidi ke faɗuwa, muka kai sha ɗaya na dare ba mu gama ba, shayin ma ya ƙone.

Na ga ladan yana duba agogo. Juma'a mai zuwa bayan Isha'i ina bencinmu, zan kawo labarin yadda Salaga ta watse da inda mutanenta suka nufa, don wasunku a nan kakanninku na cikin ayarin. Ganyen shayi a kaina, sukari a kanku. Wassalamu alaikum.