HPV da sankarar maƙogwaro: abin da ya haɗa su

Jama'a, idan aka ambaci ƙwayar cutar nan ta HPV, yawancinmu sankarar bakin mahaifa ce ke zuwa mana a rai. Haka ne kuwa, don Bajamushen nan Harald zur Hausen ya samu kyautar Nobel a 2008 saboda gano alaƙarsu. Sai dai wannan ƙwayar cuta ba a mahaifa kaɗai take ɓarna ba. Tana kama maƙogwaro, kuma a nan maza ne suka fi shiga hannu.

HPV iri-iri ce, ta haura 200, amma mai lamba 16 ita ce ke haddasa mafi yawan sankarar maƙogwaro da ake dangantawa da ita. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, har da saduwa ta baki. Yawancin mutane jikinsu kan kawar da ita cikin shekara ɗaya ko biyu ba su ma sani ba.

To, ina matsalar? Ku buɗe baki a gaban madubi. Can ciki, dama da hagu, akwai tsokoki biyu da likitoci ke kira tonsil, ga kuma gindin harshe. Wuraren nan cike suke da ƙananan ramuka, kuma a cikinsu ƙwayar ke samun maɓoya. Idan ta daɗe, sai ta riƙa fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, su kashe p53 da Rb, waɗanda su ne birkin da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai. Birki ya tsinke, sai tsiro ya fara, a hankali, cikin shekaru masu yawa.

A Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar wannan sashe daga HPV take, har ta zarce ta bakin mahaifa yawa. Da yawa daga masu ita ba su taɓa shan taba ba. A duniya baki ɗaya kuwa, taba da giya har yanzu su ne kan gaba wajen sankarar kai da wuya.

Alamar farko sau da yawa kaluluwa ce a wuya, marar zafi, wadda ta ƙi sacewa. Wani kuma ciwon maƙogwaro ne, ko wahalar haɗiya, ko ciwon kunne ɗaya. Idan an kai mako uku a haka, don Allah ba wanzami za a nema ya cire belu ba, likitan kunne, hanci da maƙogwaro za a gani. Irin sankarar da HPV ta jawo ta fi jin magani, musamman gashi da na'ura (radiotherapy), fiye da ta taba.

Babu gwajin tantancewa na maƙogwaro kamar yadda ake yi wa mata na bakin mahaifa, shi ya sa rigakafi ke da nauyi. Allurar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 tana kare mutum daga mai lamba 16. Ƙasashe irin su Birtaniya da Ostireliya har yara maza suke yi wa.