Jaririn da bai kai ranar suna ba, shi ma a faɗe shi

An yi wannan lacca a zauren wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo, Kumasi, bayan la'asar. Mai jawabin tsohuwar nas ce da ta taɓa yin aikin binciken lafiya na gida-gida. An rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Malamai, Magajiya, iyayena mata, Allah ya ƙara girma. Na baya ku matso, muryata ba ta da nisa.

Da yawanku kun taɓa ganinsu: 'yan mata uku ko huɗu da jaka a kafaɗa, da sikeli, da allon katako na auna tsawon yaro, suna sallama a ƙofar gida. Wasu sukan ce masu haraji ne, wasu su ce 'yan ƙayyade iyali ne. Ni ma na ɗauki wannan jaka, kuma an taɓa rufe mini ƙofa har da sakata, don haka na san zancen da ake yi bayan mun juya.

Aikin iri biyu ne manya. Akwai DHS, wato binciken yawan jama'a da lafiya, wanda aka fara a 1984 da kuɗin hukumar agaji ta Amurka, USAID, an kuma yi shi sama da sau 400 a ƙasashe fiye da 90. Akwai MICS, binciken halin yara da mata na UNICEF, wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1990. A nan Ghana, Hukumar Ƙididdiga ta ƙasa ce take fita da ma'aikata tare da Hukumar Lafiya. An yi DHS a 1988, 1993, 1998, 2003, 2008, 2014, sai na 2022. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne da waɗanda ake yi wa mace a Kano ko Maraɗi, shi ya sa ake iya jera ƙasashe a ga wa ya yi gaba.

Wani zai ce, to ba ga rajista a asibiti ba? Akwai. Amma littafin asibitin Komfo Anokye wanda ya shigo ƙofa kawai ya sani. Wadda ta haihu a ɗaki da tsakar dare, unguwarzoma ta yanke cibi, jariri ya koma kafin asuba, aka binne shi da hantsi, wane littafi ne ya san da shi? Sai an je an zauna da uwar.

Kuma ba kowane gida ake shiga ba. Kakanninmu fataken goro ne, ai kun san yadda ake sayen huhu. Ba a zazzage shi duka, amma mai wayo ba ya yarda da na sama kaɗai, sai ya zura hannu tsakiya da ƙasa. Haka ake yi. A 2022 an zaɓi yankuna 618 a faɗin ƙasar, aka zauna da mata kimanin 15,000 masu shekara 15 zuwa 49 da maza kimanin 7,000. Kwamfuta ce ke fitar da gidan, kamar ƙuri'a. Idan an tsallake ɗakin maƙwabciyarki an shigo naki, ba wanda ya kai sunanki. A irin gidajenmu na Zango masu ɗaki goma sha biyar da tsakar gida ɗaya, abin da muke ƙirgawa gida shi ne masu cin tukunya ɗaya.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe.

Zuciyar aikin ita ce tarihin haihuwa. Ana ce wa mace ta lissafo duk abin da ta haifa, daga na fari zuwa auta: yaushe aka haife shi, yana raye, in ya rasu yana da wata nawa ko kwana nawa. Daga wannan amsa ake fitar da adadin da kuke ji a rediyo. Binciken 1988 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 155 ba sa kai shekara biyar. A 2014 ya sauko 60, a 2022 ya zama 40. Alhamdu lillahi. Amma a cikin 40 ɗin nan, 17 a watan farko suke tafiya. Kusan rabi ke nan. Rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari sun ceci 'yan shekara biyu da uku, amma jaririn kwana biyu har yanzu muna rasa shi. Burin da duniya ta sa kafin 2030 shi ne a sauko 25, na watan farko kuma 12.

To, wannan jaririn kwana biyu shi ne wanda mu ba ma faɗa.

Na zauna da wata baiwar Allah a kan tabarma, tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, Iya, haihuwarki nawa? Ta yi dariya ta ce ai ba a ƙirga 'ya'ya. Da lallashi ta ce biyar. Sunan na fari ma ba ta faɗa ba, kunyar ɗan fari, sai ƙanwar mijinta ce ta jefo mini shi daga bakin murhu. Da na jera shekarun, sai na ga tsakanin na biyu da na uku shekara shida. Na ce, Iya, a nan tsakani babu wanda ya zo ya yi kuka ko ya motsa, ko da na awa ɗaya? Ta ajiye faifan. Ta ce biyu ne, amma ba su kai suna ba, ba a yanka musu rago ba, ta ɗauka ba sa cikin lissafi. Ɗaya kwana uku, ɗaya ko yini bai yi ba.

Da na rubuta biyar na tashi, takarda za ta nuna gidan nan bai taɓa rasa yaro ba. Ku tara irin wannan gida ɗari, sai a ce unguwa lafiya lau, kuɗin ɗakin jarirai da horar da ungozomomi a kai wani wuri. Malamai suna nan, su gyara mini in na yi kuskure: faɗin abin da ya faru ba ya warware haƙuri da ƙaddara.

Mu ma masu jakar ba a wanke muke ba. An sha kama ma'aikata a ƙasashe da dama suna ƙara wa yaro shekaru don ya wuce iyakar da za a yi masa doguwar tambayar rigakafi da zawo da zazzaɓi, su samu su gama da wuri. Maganin wannan shi ne katin awon yaro, mai ranar haihuwarsa a jiki. Ku adana shi a leda, kada ya kwana a ƙarƙashin katifa ɓera ya ci. Inda babu kati sai mu koma kame-kame: kafin canjin kuɗi na 2007 ne ko bayansa, da azumi ne ko da Sallar Layya.

Mutuwar uwa ta fi wuyar ƙirgawa, domin mai amsar ba ta nan. Dabarar ita ce a tambayi mace 'yan'uwanta mata da suka fito ciki ɗaya: akwai wadda ta rasu da ciki, ko wurin haihuwa, ko cikin kwana 42 bayanta, wato kusan arba'in ɗinmu? Binciken lafiyar uwaye na 2017 ya nuna uwaye 310 ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000. Burin duniya ƙasa da 70 ne, kun ga tazarar.

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin DHS, aiki ya tsaya cik a ƙasashe da yawa. Ni dai a ganina abin kunya ne a ce sai wani ya biya daga Washintan kafin mu san 'ya'yanmu nawa muka binne. Wannan kuɗi ne da ya kamata ya fito daga kasafin Ghana, ku tambayi 'yan majalisarku in sun zo neman ƙuri'a.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata lasifika.

Tana tambaya, jinin da ake ɗiba a yatsan yaro, ina ake kai shi? Hajiya, ɗigo ne. Ɗaya ana sa shi a wata 'yar na'ura ta nuna ko yaro yana da ƙarancin jini, ɗaya a gwada maleriya, duka a gabanki, cikin 'yan mintuna a faɗa miki sakamako. In an ga maleriya a ba shi magani, in abin ya yi tsanani a rubuta miki takarda zuwa asibiti. Wani lokaci akan shafa ɗigo a gilashi a kai ɗakin gwaji a sake dubawa, da lamba a jiki, babu suna. Kuma kafin a taɓa yaro sai an karanta miki bayani kin ce kin yarda. In kin ce a'a, za su naɗe kayansu, ba tara, ba abin da zai taɓa katin inshorarki.

Ga ladan can ya tashi. Mai sauran tambaya ta same ni a bakin ƙofa bayan magariba.