Ƙoda ta yi nisa kuma ba a gano dalili ba, toh me za a iya yi?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da take karya gwiwar majinyaci da danginsa, likita ya duba sakamakon gwaji ya ce ƙoda ta yi rauni sosai, a tambaye shi me ya jawo, ya ce ba a gano ba. Babu ciwon suga, hawan jinin ma ba a san ko shi ya ja ciwon ko ciwon ne ya ja shi ba. Daga nan sai wasu su ce ai shikenan, tunda ba a san dalili ba babu magani. Ba haka ba ne. Yawancin abin da ake yi wa mai ciwon ƙoda da ya yi nisa iri ɗaya ne, ko an san musabbabi ko ba a sani ba.

Me ya sa ma ba a ganowa? Ƙoda a hankali take lalacewa ba tare da ta nuna ba, kafin mutum ya fara jin kasala da kumburin ƙafa sau da yawa ta riga ta tsuke ta cika da tabo, idan aka yi sikanin sai a ga ta ƙanƙance, a wannan halin ko an tsinko ɗan namanta an duba tabon kawai za a gani, ga haɗarin zubar jini. Akwai ma yankunan da ciwon ya yi wa manoma yawa ba su da suga ba su da hawan jini, kamar Sri Lanka da masu yankan rake a El Salvador da Nicaragua, ana zargin zafin rana da ƙishirwa da sinadarai amma har yanzu ba a tsaya kan abu ɗaya ba. Wasu kuma gado ne, misali ƙwayar halittar da ake kira APOL1 wadda aka fi samu a jikin 'yan asalin Afirka ta Yamma.

Ku riƙe lamba ɗaya, eGFR, ita ke nuna yadda ƙoda take tace jini. Daga 15 zuwa 29 mataki na 4 kenan, ƙasa da 15 mataki na 5, wato na ƙarshe. Mai mataki na 4 yana da sauran aiki a gabansa, wato a tattala abin da ya rage. Ana daidaita hawan jini da magunguna irin su lisinopril ko losartan, akwai kuma dapagliflozin da empagliflozin da aka fara yi don masu suga aka gano suna kare ƙoda ko mutum ba shi da suga, likita kan fara su idan lambar ba ta gaza 20 ba. Ana rage gishiri, ana bibiyar fotasiyam a jini domin idan ya hau yana iya tsayar da zuciya, ƙarancin jini kuma ana ba da sinadarin ayon da allurar EPO mai sa jiki ya samar da jini. Don Allah a bar shan ibuprofen da diclofenac ba da izinin likita ba, haka duk wani haɗi da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodar da ta raunana ba ta iya ɗaukar su.

Toh idan ta kai ga kasawa fa? Wankin ƙoda na inji shi aka fi sani, jini ya fita ta bututu ya bi ta matata ya dawo, galibi sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. Nan ne nake so ku saurara da kyau. Hanyar da ta fi inganci wajen haɗa mutum da injin ita ce fistula, ƙaramar tiyata ce a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi, sai ta yi kauri ta iya ɗaukar allura, idan ka ɗora yatsa a wajen za ka ji tana ɗan rawa kamar waya tana bibirashin, alamar tana aiki kenan. Amma ba a yin ta yau a yi amfani da ita gobe, tana ɗaukar makonni kafin ta nuna, wani lokaci watanni. Wanda ya jira sai da numfashi ya gagara, bututu za a zura masa a wuya cikin gaggawa, shi kuma ya fi saurin kawo cutar da ke shiga jini. Shi ya sa tun a mataki na 4 ake cewa a daina ɗibar jini da sa ƙarin ruwa a hannun da aka ware don fistula.

Akwai wankin ƙoda ta ciki wanda mutane da yawa ba su ma taɓa ji ba. Ana sa siririn bututu a ciki, a zuba wani ruwa na musamman ya zauna 'yan awanni ya janyo datti sannan a fitar, kamar sau 4 a rana a gida, ko inji ya yi da daddare mutum yana barci. Tsafta ce jigonsa, ruwan da ya fito idan ya yi dishi-dishi ko ciki ya kama ciwo, asibiti a ranar.

Dashen ƙoda shi ya fi ba da tsawon rai da walwala ga wanda jikinsa zai iya ɗauka, tun 1954 aka yi na farko da ya yi nasara a Boston ta Amurka tsakanin tagwaye, kuma ana iya yin sa tun kafin a fara wanki. Sai dai magani ne kullum muddin ƙodar tana jiki, irin su tacrolimus, don kada jiki ya ƙi ta. A nan rashin sanin dalili yake da tasiri, idan ɗan'uwa ne zai bayar dole a bincike shi sosai, domin in ciwon na gado ne shi ma yana iya ɗauke da shi bai sani ba.

Akwai kuma wanda ya manyanta sosai ga ciwon zuciya ga wasu larurori, wanki na iya wahalar da shi ba tare da ya ƙara masa wani lokaci mai yawa ba. Irin wannan yana da damar ya zaɓi kulawa ba wanki, a ci gaba da ba shi maganin kumburi da ƙaiƙayi da tashin zuciya da ƙarancin jini, likita yana ganinsa a kai a kai, kuma ni dai ina ganin bai kamata dangi su ɗauki wannan a matsayin an yi watsi da shi ba. Shi majinyacin ya kamata a zaunar a tambaya me yake so tun yana iya magana da bakinsa.

Fara wanki ba lamba kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda jiki yake. Amai da ya ƙi tsayawa, numfashi sama-sama idan an kwanta, ruɗewa ko yawan barci, fitsari ya ragu sosai, waɗannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a wuce sashen gaggawa kai tsaye.