Lacca Kan Babi na Biyu: Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku na zo da su kan bitar ayyukan da suka gabata, wato babi na biyu na kundinku, ku ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam.

Na farko shi ne nema. Ku buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike a intanet, ku rubuta kalmomin batunku, duk takardar da ta yi muku, ku bi manazartarta. Wannan kun iya, mu wuce.

Na biyu, nan ne zuciyata take. Ɗalibi sai ya kawo mini shafi goma: wane ya ce, wance ta ce, wane ma ya ce. Jerin gwano ke nan, kowa na bin bayan wani, ba mai magana da ɗan'uwansa. Ni so nake ku haɗa su, su yi gardama. Ku haɗa su, na ce!

Bari in ba ku misali. Walter Mischel, a Jami'ar Stanford ta Amurka, wajen 1970, ya riƙa ajiye wa yaro alewa ɗaya ya fita, in yaron ya daure bai ci ba, a ƙara masa. Da yaran suka girma, aka ga masu haƙurin nan sun fi cin jarrabawa. Mai gaggawa nan zai tsaya ya rubuta "an tabbatar". Ina! A 2018 Tyler Watts da abokan aikinsa suka sake dubawa da yara fiye da 900. Da aka sa yanayin gidan yaro cikin lissafi, arzikin iyaye da karatun uwa, sai alaƙar haƙurin da cin jarrabawa ta ragu ƙwarai. Sannan ga Bettina Lamm, ita ta gwada 'yan shekara 4 na manoman ƙabilar Nso a Kamaru da yaran Jamus. Kun san me aka ajiye wa na Kamaru? Fanke! Eh, ku yi dariya, fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 suka jira minti 10, na Jamus kashi 28 kawai. Yanzu ku ajiye ukun nan a sakin layi guda. Haƙurin halin yaro ne, ko tarbiyyar gida, ko talauci da wadata? Wa aka gwada, su nawa, a ina? Giɓin da kundinku zai cike yana fitowa daga waɗannan tambayoyin, wallahi daga nan yake fitowa.

Na huɗu... na uku ko? Na gode, 'yata. Tsarin APA, wato ƙa'idar rubuta manazarta, bugu na 7. Ku sauke manhajar Zotero, kyauta ne, zai jera muku manazarta. Kada ku kawo abin da ba ku karanta da idonku ba.

(Wani ɗalibi: Malam, yawancin mujallun sai an biya dala kafin a buɗe. Ya za mu yi?)

Tambaya mai kyau, zauna. Akwai AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, da dama a buɗe suke. A Google Scholar kuma ku duba gefen dama, sau da yawa akwai PDF. In ya faskara, rubuta wa marubucin imel, layi uku cikin ladabi: ni ɗalibi ne, ga abin da nake nazari, a taimaka mini da kwafi. Da yawansu suna turowa. Ku kuma je ɗakin karatu ku tambayi ma'aikacin wane rumbu jami'a ta biya wa kuɗi, ya ba ku lambar shiga. An kira salla, sauran tambayoyin a same ni a ofis ranar Laraba.