Yadda ake zaɓen ƙyallen cikin murfin sifika

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi murfin sifika mai raga. Ta waje ragar ƙarfe ce, amma in aka kifa shi, ga wani baƙin ƙyalle marar kauri manne a ciki. Shi ke tare ƙura, shi ke kuma ɓoye kayan ciki. In ya tsufa yagewa yake, in kuwa soso ne, kana taɓa shi sai ya marmashe.

Wasu sai su yage shi su bar raga tsirara. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati, wannan ganganci ne.

To wane yadi za a sa? Duk wanda iska ba ta ratsa shi, sauti ma ba zai ratsa shi da kyau ba. Kuma ba ƙarar ganga ce ke fara ɓacewa ba, ita tana da ƙarfin wucewa. Siririn sauti ne ke mutuwa, sai ka ji muryar mai magana ta dushe kamar yana cikin bargo. Shi ya sa shadda da atamfa ba su dace ba, saƙarsu ta yi matsi. Gidan sauro kuma ya cika buɗewa, ƙura wucewa za ta yi abinta.

In ka samu ainihin yadin sifika wurin masu gyara, madalla. In babu, shiga wajen 'yan yadi, irin Kantin Kwari a Kano, ka nemi baƙin yadin roba mai talewa, marar nauyi. Kada ka ji kunyar gwadawa a gaban mai shago. Ɗaga shi sama, ka ga haske? Kara shi a baki ka hura, tafin hannunka na baya. In iska ta iso ba tare da ka yi nishi ba, ka samu.

Wajen yanka, bar rarar santimita 3 ko 4 kowane gefe. Kankare tsohon gam tas. Sabon gam kuwa a bakin murfin kawai za ka shafa, don in ya malale cikin ramukan ya toshe su, aikin ya ɓaci. Manna gefe ɗaya, ka ja ɗan kaɗan zuwa gefen da ke kallonsa, kusurwoyi su zo ƙarshe. In ya bushe, datse rarar da reza, ka mayar da murfin, sannan ka kunna labarai ka saurari murya, da murfi da kuma babu.